Dalilin karɓuwar masu watsa ƙwallo a Twitch a duniyar Sifaniyanci

Ka tambaya me ya sa masu watsa ƙwallo kai-tsaye a intanet suka karɓu haka a ƙasashen da ake jin Sifaniyanci. A ganina, Ibai Llanos, mai watsa shirye-shirye kai-tsaye a intanet, ɗan birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya, shi ne ya share fagen. A watan Agustan 2021 ya nuna kyauta a Twitch, dandalin watsa bidiyo kai-tsaye a intanet, wasan farko da Messi ya buga wa PSG, yana sharhi tamkar mai hira da abokansa a majalisa, 'yan kallo kuwa suna rubuto ra'ayinsu nan take, abin da talabijin ba ya ba su. Daga baya Gerard Piqué, tsohon ɗan wasan Barcelona, ya jawo shi suka soma Kings League, gasar 'yan wasa bakwai-bakwai, wadda wasanninta na ƙarshe suka tara mutane sama da 90,000 a Camp Nou, filin wasan Barcelona, a watan Maris na 2023.