Shin lauya yana buƙatar horo na musamman kan sulhu?

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma ana ta ba mu shawarar neman horo kan sulhu da sasanci. Ashe wannan ba aikin dattawa da masu unguwanni ba ne? Kuma idan ana sasantawa a wajen kotu, da me lauya zai ci abinci?

Amsa: 'Yata, ki nemi horon, domin doka ta riga ta ɗora wa lauya wannan nauyi. Ƙa'idojin aikin lauyoyi a Nijeriya sun wajabta masa ya sanar da wanda yake wakilta cewa akwai hanyar sasanci kafin ya shigar da ƙara. Dokar sulhu da sasanci da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba yarjejeniyar sulhu ƙarfin da kotu za ta iya zartar da ita. Manyan kotuna ma sun buɗe cibiyoyin sasanci, Legas a 2002, Abuja a 2003, Kano a 2009.

Babban dalilin kuwa shi ne karatun lauya yana koyar da yadda ake kayar da abokin shari'a, alhali sulhu yana buƙatar wata ƙwarewa dabam. Ki ɗauki 'yan'uwa da suke rikici kan gidan gado: ɗaya ya dage a sayar, amma idan aka keɓe da shi aka saurare shi, sai a gano bashi ne ya matsa masa, kuma sauran za su iya sayen rabonsa a bar gidan. Gano irin wannan, da riƙe sirrin kowane ɓangare, da lissafa wa mutum gaskiyar abin da zai samu da shekarun da zai ɓata idan ya nufi kotu, duk sai an koya an kuma gwada.

Dattawa suna da kwarjinin da lauya ba shi da shi, kuma ina girmama aikinsu. Sai dai sau da yawa mai rauni, musamman mace, ita ake cewa ta yi haƙuri ta bar haƙƙinta. Lauyan da ya samu horo yana tabbatar da cewa yardar ta gaskiya ce, ya kuma rubuta yarjejeniyar da ba za a warware ta gobe ba.

Game da kuɗi, ki daidaita tun farko cewa za a biya ki ladan shawara da halartar zama da rubuta yarjejeniya, maimakon ki jingina samunki ga yawan zuwa kotu.