Ɗana ba shi da jiki, in haɗa masa da madarar gwangwani?

Tambaya: Anti, daga Jidda nake. Ɗana wata 15, yana shan nono, ƙiriniya ba a magana, amma ɗan firit ne. Surukata ta ce in ƙara masa madarar gwangwani.

Amsa: 'Yata, ni dai ban ga dalili ba. Yaron da ya wuce shekara 1, abinci ne ke gina shi. Ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ki ba shi ƙwai, ful (dafaffen waken Larabawa), kunun gyaɗa, nama mai laushi. Madarar shanu kada ta wuce kofi 2 a rana, don tana toshe ciki ya ƙi abinci. Ki kai shi awo. In nauyinsa ya tsaya, ki ga likita, kada ki jinkirta.