Tsira, ceto, da shakkar da ta rikiɗe ta zama tsoro

Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan kalmomin addini suka faɗo. Ni kalma nake bi, ba na ba da fatawa. Wanda ya aiko yana neman hukunci ya tafi wurin masu shi.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin tsira da ceto? Ina jin ana musanya su a wajen wa'azi.

Amsa: Masu musanya su sakaci suke yi. Tsira ta wanda ya fita daga halaka ce: jirgi ya kife, mutum uku sun tsira. Ceto kuwa sai da mai miƙa hannu da wanda ake miƙa wa. In kana son tsira ta faɗa kan wani, sai ka ce "ya tsirar da shi". Wannan "ya tsira shi" da nake cin karo da ita a intanet ba Hausa ba ce, ko da mutum dubu sun rubuta ta.

A bakin Musulmi, ceto shi ne abin da Larabawa ke kira shafa'a, shi ya sa ake addu'a Allah ya sa mu cikin ceton Annabi a ranar da kowa ke ta kansa. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932, Mai Ceto laƙabin Yesu Almasihu ne, ceto kuma kuɓuta ce daga zunubi da hukuncinsa. Kalmar ɗaya ce, amma kayan da kowane ɓangare ya ɗora mata daban ne, don haka mai tafinta tsakaninsu ya yi hattara. Rabauta kuma daga rabo take. Wanda ya tsira wuta ya kauce wa, wanda ya rabauta aljanna ya samu.

Tambaya: "Ya ceci" ne daidai, ko "ya cece", ko "ya ceta"?

Amsa: Duk ukun, kowacce a gurbinta. Ya ceci yaro, ya cece shi, yaron da ya ceta. Yadda kake sarrafa saya, haka za ka sarrafa ta.

Tambaya: Malam, tun ina ƙarama na haddace duk abin da aka koya mini, ban taɓa cewa don me ba. Yanzu na girma, tambayoyi suna taso mini, in na furta sai a ce shakka ta shige ni, in yi shiru. Shin shakka da kokwanto da waswasi abu guda ne?

Amsa: 'Yata, kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ba abu guda ba ne. Kokwanto da tantama namu ne na gida, rashin tabbas ne kawai, kamar wanda bai tuna ko ya rufe ƙofa ba. Waswasi daga Larabci yake, kin san shi a Suratun Nas. Shi ba tambaya ce mai neman amsa ba, raɗa ce mai kai da komo, ko an amsa ta sai ta dawo. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ce wanda kokwanto ya aura a alwala da salla, suna kiransa mustankihi, ya yi watsi da shi ya wuce.

Shakka ita ce mai ban sha'awa. A Larabci ma'anarta rashin tabbas, shi ke nan. Da ta shigo Hausa sai muka ƙara mata wani aiki. In yaro ya dubi ƙato ya ce "ba na shakkarka", ai ba cewa yake ya tabbata da samuwarsa ba, cewa yake ba ya tsoronsa. To, ga kalma guda tana ɗauke da kokwanto da tsoro. Na daɗe ina lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake yabo da cewa ba su da shakka, shakkar ce ta yi musu yawa: shakkar uba, shakkar malami, shakkar abin da mutane za su ce. Wannan shirun ba shi ne yaƙini ba. Yaƙini natsuwa ce. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, aka ce masa ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. A Sahihu Muslim kuma sahabbai sun kai kukan cewa suna jin wani abu a zukatansu da ba sa iya furtawa don girmansa, Annabi (SAW) ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani.

Abin da kika yi kina yarinya ma yana da suna, taƙalidi, wato bin abin da aka gada ba tare da sanin hujja ba. Malaman tauhidi sun daɗe suna jayayya a kan imanin mai yin haka. Shehu Sanusi, malamin birnin Tilimsan da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490, yana cikin waɗanda suka tsananta wajen wajabta sanin dalili. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817) an sami wasu ɗalibai da suka wuce gona da iri, suna titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu ya yi ta rubutu yana yi musu raddi. Abin mamaki, a wancan lokaci wanda bai bincika ba ake zargi, yau kuma wanda ya bincika ake wa kallon hadarin kaji. Na yi nisa. Ki riƙe dai cewa Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, bai kuwa ce ban da addini ba.

Tambaya: Me ya sa ake ce wa mugu "marar imani", alhali wataƙila yana salla?

Amsa: Domin a Hausa imani ya haɗa da tausayi. "Ya yi masa dukan rashin imani" ba ta shafi aƙidar mai dukan ba, zuciyarsa ta shafa. Tushen kalmar ɗaya ne da na amana da aminci da mumini. In gaskatawa zalla ake nufi, muna da "ba da gaskiya", wadda Kiristoci suka dunƙule suke cewa bangaskiya. Kyakkyawar Hausa ce.

Tambaya: Mene ne tuban muzuru?

Amsa: Yana cewa ya tuba, kaza na bakinsa. Yawanci mayaudari ake yi wa ita, amma ni ina ganin ta dace da tuban da aka tatsa da ƙarfi. An ce dole ƙanwar na ƙi. Wanda jama'a suka yi wa taron dangi har ya ce ya yarda, bakinsa ne ya yarda. Ayar "babu tilastawa a cikin addini" tana Baƙara, ta 256.

Tambaya: Malam, ɗana ya fara gardama a kan abin da muka koya masa. Ba an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?

Amsa: An faɗa, malam, amma ka dubi aikatau ɗin da kyau. Tanƙwara aka ce, ba a ce karya ba. Mai tanƙwara icce a hankali yake bi, yana jin inda ya ba shi da inda ya ƙi. Kuma karin maganar a kan lokaci take, wato a fara tarbiyya da wuri. Yaron da ya kai ga yin gardama ya fara ƙwari, hujja yake nema. Mutane suna son jawo karin magana ta zama musu bulala, ni kuwa ba na sa hannu a wannan.

Tambaya: Daidai ne a ci gaba da kiran wanda ya karɓi addini "tubabbe" bayan shekaru?

Amsa: A nahawu babu kuskure, daga tuba take. A bakin mutane kuwa sau da yawa gori ce. Ka kira shi da sunansa.

Tambaya: Akida ko aƙida?

Amsa: Aƙida, da ƙ mai lanƙwasa. Ku gyara madannan wayoyinku.