PS4 ta hannu ko PS5? Amsa ga wata uwa daga Nima

Tambaya: Malam, ɗana ya ci jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, na kuma yi masa alkawarin na'urar wasan bidiyo ta PlayStation (PS). A Circle, cikin Accra, wani mai shago ya nuna mini PS4 ta hannu da PS5 iri biyu, mai cin faifai da marar ci, wadda ta fi araha. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka, ya ba ki ikon cika alkawari. Kafin komai, ki ajiye marar cin faifan nan gefe, ko da mai shago ya rage miki.

Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation ta farko a Japan a 1994, da faifan CD take aiki. PS2 ta zo a 2000, ita ce muka taso da ita a ɗakunan gem na unguwa, yara goma a kan benci ɗaya ana jiran layin buga ƙwallo. Ka sa faifai, wasa ya tashi, shi ke nan. An sayar da ita fiye da miliyan 150, har gidajen da ba ruwansu da wasa sun saye ta don kallon DVD. Daga PS3 a 2006 intanet ya shigo ciki sosai, PS4 a 2013 ta ƙara dogaro da shi, PS5 kuwa da ta fito a 2020 har da wadda ba ta da bakin faifai sam. A irin wannan, kowane wasa sai an saya an sauke, wani ya haura gigabait 50. Ki lissafa wannan da kuɗin data a Accra. Arahar da kika gani a shago za ta ƙare a katin waya, yaron kuma ba zai iya aron faifai wurin aboki ko ya yi musaya ba.

Idan aljihu ya kai, ki ɗauki PS5 mai faifai. Tana karanta kusan duk wasannin PS4, don haka tsofaffin faifai masu sauƙin kuɗi za su yi masa aiki, kuma za ta daɗe ana yi mata sababbi. Idan bai kai ba, kada ki ci bashi. PS4 ba abin kunya ba ce, wasan ƙwallo na FC 25 ma ya fito a kanta. Sai dai ba ta cin faifan PS3, kada a haɗa miki da su a ce kyauta ce.

Ki je da yaron. A kunna ta a gabanku, a sa faifai, a bar ta ta yi kamar minti ashirin. In fankarta ta fara ƙugi kamar injin niƙa, ƙura ta cika cikinta, ki nemi wata. Ya danna kowane maɓalli na pad ɗin, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, ya saki sandunan ya ga ko ɗan wasa na tafiya da kansa. Ki kuma ware kuɗin sitabilaiza tun yanzu, domin yawan ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi na iya ƙona na'urar.