'Yar Norway da ta yi fice a wasan golf

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai 'yar Norway da ta yi suna a golf, tunda ƙasar ta sanyi ce da dusar ƙanƙara. Akwai kuwa: Suzann Pettersen, haifaffiyar Oslo a 1981. Ta lashe gasa 15 a LPGA, jerin gasannin golf na ƙwararrun mata na Amurka, har da manyan kofuna biyu, a 2007 da 2013.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne Solheim Cup na 2019, gasar mata tsakanin Turai da Amurka, a filin golf na Gleneagles da ke Scotland. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ana ta ƙorafi kan zaɓenta cikin tawagar Turai. Sai ga bugun ƙarshe ya faɗo hannunta, filin ya yi tsit. Ƙwallon ta gangara ta faɗa rami, Turai ta doke Amurka da maki ɗaya tak. A ranar ta sanar da yin ritaya.