Tambaya da Amsa: Tsohon Injin Gem da Ruwa Ya Ci, a Gyara ko a Haƙura?

Wata mai karatu daga Kaduna ta rubuto: “Mahaifina ya taɓa riƙe gidan gem, da ya rufe sai ya ajiye inji ɗaya a sito, irin dogayen nan masu kama da durowa waɗanda ake tsayawa a gabansu a yi wasa. An rubuta Street Fighter II a goshinsa. Rufin siton ya daɗe yana yoyo, gindin akwatin ya kumbura, gara ta ci gefe guda. Yanzu mahaifina ya rasu, wani kuma ya ce in ba shi kuɗi zai mayar da shi sabo fil. Ina tsoron a cuce ni, ina kuma jin nauyin zubar da abin da ya bari.”

Allah Ya ji ƙan mahaifinki, 'yar'uwa, Ya sa ya huta. Ki kwantar da hankalinki, domin injin da ya yi shekaru a sito ba zai ƙara lalacewa a mako biyu ba matuƙar kin janye shi daga ƙarƙashin yoyon kin ɗora shi a kan bulo. Kada dai ki shigar da shi ɗaki, don garar da ke cikinsa ba za ta tsaya a kansa ba, sai ta bi gado da ƙyauren ƙofa.

Katakon da ya tayar miki da hankali shi ne mafi sauƙin al'amari. Yawancin waɗannan akwatuna da garin katako da aka matse da gam aka yi su, kuma irinsa idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, ko da an shanya shi a ranar bazara. Ki sa a danna sukudireba a wurin da ya kumbura. Idan ta nutse kamar an soka ta a burodi, wannan gefen ya mutu, kuma duk wanda ya ce zai cike shi ya shafa fenti yana ɓoye ruɓa ne kawai. Kafinta mai hankali zai iya ɗora tsohon gefen a kan filawud mai kauri ya zana ya yanko sabo. Amma kin san yadda falle ɗaya na filawud ya koma a kasuwar 'yan katako, saboda haka kada ki sayi ko ƙusa ɗaya kafin a buɗe ƙofar baya a ga fanel ɗin da wasan yake ciki, domin shi ne zai yanke hukunci.

A nan ne nake so masu karatu su ba ni aron kunnuwansu, don na gaji da ganin mutane suna zuba kuɗi a kan jabu. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II a 1991, kuma saboda irin karɓuwar da ya samu, masu kwaikwayo suka cika duniya da fanel na bogi, har da wanda aka yi wa kwaskwarima ake kira Rainbow Edition, inda ɗan wasa ke iya harbo wuta yana sama. Na asali fanel uku ne a ɗore a kan juna, da sunan kamfanin a buge a jikinsu da kuma a kan manyan ƙwayoyin lantarkin da ke kansu. Na jabu sau da yawa falle ɗaya ne babu sunan kowa, an kankare lambobin wasu ƙwayoyin, an manna takarda an rubuta da biro. Rubutun da ke goshin akwati ba shaida ba ne, domin tun tsakiyar shekarun 1980 masu ƙera injinan a Japan suka daidaita mahaɗin waya guda mai haƙora 56 da ake kira JAMMA, wanda ya sa mai gidan gem yake iya zare wannan wasa ya soka wancan cikin minti kaɗan. Injin da ya biyo hannu biyar kafin ya sauka a Legas a matsayin tokunbo, Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinsa.

Akwai kuma sabon salon cuta da ya fi wannan ciwo. Mai gyara zai karɓi injin ya riƙe shi wata guda, ya cire fanel na asali ya sa a jakarsa, ya soka ƙaramin akwatin nan na China da ake kira Pandora's Box mai ɗauke da ɗaruruwan wasanni, sannan ya dawo yana murmushi wai ya ƙara miki wasanni kyauta. An raba ki da abu mai daraja an ba ki na kasuwa, kina ta godiya. Ni kaina an taɓa yi mini makamancin haka da wata tsohuwar rediyo, ban farga ba sai bayan shekara. Don haka ki ɗauki hoton fanel ɗin gaba da baya da wayarki, ki rubuta lambobinsa, a kuma gwada shi a gabanki kafin a yi maganar kuɗin aiki. Wanda ya ce a ba shi kuɗin gyara gaba ɗaya alhali bai ko buɗe bayan injin ba, ki sallame shi da fatan alheri.

Idan fanel ɗin na asali ne kuma ya tashi, gyaran ya cancanta, ki yi shi sannu a hankali gwargwadon aljihunki. Idan jabu ne, ko koren tsatsa ya cinye layukan tagullar da ke jikinsa, to abin da za ki biya kuɗin gina sabon akwati ne da tsohon suna. A wannan hali ki cire allon goshin nan mai rubutu da farantin sanduna da maɓallan da hannun mahaifinki ya goge, ki tsabtace su ki rataye a falo, sauran kuma ki bari ba tare da jin kin yi laifi ba.

Wani matashi daga Zariya yana tambaya ko zai iya jona nasa a jenareto “don a ga ko zai kawo”. Zai kawo, ɗana, hayaƙi zai kawo. Injin da aka yi don Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake sha, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce, kuma ba ka ce ka duba wace taransifoma ke ciki ba, balle wayoyin da ɓeraye suka yi shekaru suna gwaguya. Kada kuma ka zura hannu bayan gilashin nan mai doro da ke nuna hoto, irin na tsohon talabijin, domin yana aiki da wutar da ta kai volt dubu ashirin, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare soket. Ka nemo tsohon mai gyaran talabijin, ba yaron da ke canza gilashin waya ba.

Wani daga Maraɗi ya ce gilashin nasa ya dushe, ko ya musanya shi da shafaffen talabijin na zamani. Ka fara sa a canza kapasitocin da suka bushe, wato ƙananan kayan lantarkin nan masu tara wuta, don sau da yawa su ne ciwon kuma ba su da tsada. An daina ƙera gilashi mai doro, saboda haka ko ka cire shi kada ka ba 'yan gwangwan.

Na ƙarshe daga Kano yana so ya gyara guda biyu ya buɗe gidan gem ya mayar da kuɗinsa. Malam, yaran unguwarku ƙwallon PlayStation suke biya su buga, sauran kuma suna da wasa a wayoyinsu. Ka lissafa kuɗin fetur na wata ɗaya tukuna, sannan ka sake rubuto mini.