Na yi barbarar irin kamfani da masarar gida, sun ce mu haɗu a kotu

Tambaya: Barista, ni ɗalibi ne mai binciken iri. Na sayi irin masara na wani kamfani a shagon kayan gona, na yi barbararsa da masarar garinmu mai jure fari. Yanzu lauyansu ya aiko mini da takarda, wai in daina ko mu haɗu a kotu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi biris da takardar.

Fara da tambayarsu a rubuce: ina shaidar cewa an ba su haƙƙin mallakar wannan iri? Dokar da ke ba da shi ita ce wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2021, ofishinta kuma yana ƙarƙashin hukumar iri ta ƙasa, NASC. Rajistar sakin iri ga manoma daban take, ba ta ba kowa mallaka. Ba za su kuma fake da dokar ƙere-ƙere ta 1970 ba, don ta cire nau'in tsirrai daga abin da take karewa.

A ce suna da shaidar. Kariyarsu ta shekara 20 ce, ba mai ninka irin don sayarwa sai da izininsu. Amma dokar ta bar ƙofar gwaji a buɗe, ta kuma yarda a yi amfani da irin wani wajen samar da sabo. Wannan sashe ina ganin girmansa ƙwarai, domin ba mai binciken da ya taɓa fitar da iri daga babu, kamfanin ma a kan na wasu ya ɗora.

Inda nake ji maka tsoro shi ne ranar da za ka fita kasuwa. In ka yi ta mayar da barbarar kan irinsu, zuriya bayan zuriya, har abin da ka samu ya zama nasu ne da ƙarin hali guda, to ana ɗaukarsa tsatson nasu, sayar da shi sai sun yarda. Haka ma in sai ka riƙa komawa ga irinsu duk shekara kafin naka ya fito. Duba kuma ko ka taɓa sa hannu a wata yarjejeniya da su, ko sashenku na jami'a ya sa, don alkawarin takarda yakan ɗaure wanda doka ta saki.

Adana rasit da ledar irin. Littafin gonarka, wanda ka rubuta ranar da ka rufe gemun masara da ranar da ka zuba masa garin bununi, kada ka yar da shi ko ya sha laka, shi ne babban shaidarka. Ka kai takardar ga malamin da ke duba aikinka da lauyan jami'a, su amsa da sunan makaranta.

In naka ya yi kyau, nemi kariyarsa da wuri. In ya wuce shekara ɗaya ana sayar da shi a Najeriya, doka ba za ta ƙara kiransa sabo ba.